Yatsu Huɗu a Ƙofar Brindle End

Brindle End,
Nuwamba.

Zuwa ga Yayata Olwen,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gordon da jikoki. Yaya gwiwar taki? Yaya sanyin Kanada, ko bai fara cizo ba tukuna? Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, hanyar gona duk ta zama taɓo.

Na san Bethan ta buga miki waya ta ce ubanta na asibiti, amma 'yar nan tawa sai ta tace labari kafin ta ba mutum, kamar mai tace madara. Ga yadda abin yake. Desmond ya faɗi ne a rumbu yana jera tuffa. Ni na same shi kwance a kan buhuna, ido buɗe, yana kallona kamar ni na ture shi. Likitoci sun ce jini ne ya toshe masa a ƙwaƙwalwa. Ɓarin dama ya shanye gaba ɗaya, hannu da ƙafa. Magana kuwa saura kalma huɗu: e, a'a, Glen (wato ni), da wata ashar da ban taɓa jin ta a bakinsa ba tun da na aure shi. Mutumin da ke karanta Littafi a majami'a ran Lahadi! Da fasto ya je duba shi, da ita ya tarbe shi. Na rasa inda zan sa fuskata. Fasto dai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Amin, Desmond."

Sun ce ba zai sake takawa ba, amma za su sallame shi in keken guragu zai iya shiga da fita a gida. Don haka suka aiko wata ma'aikaciya da tef ɗin awo. Tana shigowa ta buga goshi a katakon saman ƙofa, kamar yadda kowane baƙo ke yi. Ta leƙa matakalar nan da ke murɗewa a bayan bututun hayaƙi kamar gidan katantanwa, ta girgiza kai. Sama dai ya haramta. Kicin kin san sai an sauka matakai. Saura babban ɗaki, inda murhu yake. Muka yarda a sa masa gado can.

Ƙofar waje keke zai wuce, ya shigo soro lafiya. Amma kin tuna bangon katakon nan na itacen oak da ya raba soro da babban ɗaki, baƙi ƙirin, mai 'yar ƙofa a tsakiya? Ta auna, ta sake aunawa. Faɗin yatsu huɗu ne ya rage keke ya wuce. Yatsu huɗu, Yaya.

Na yi dariya na ce, "In dai wannan ne, Royston maƙwabcinmu kafinta ne, kafin azahar ya gama."

Ta ce, "Misis Probert, gidan nan ba ya cikin rajistar gine-ginen tarihi?"

Yana ciki mana. Wa ya ƙara cusa shi ciki? Desmond da kansa. Shekarun baya shi da abokinsa Aubrey Venables, tsohon malamin makarantar nan mai ƙungiyar tarihi, suka yi ta rubuce-rubuce har aka ɗaga gidan zuwa matakin da ko ƙusa ba a bugawa sai da izinin hukuma. Ranar da amsa ta zo ya yi murnar da ban ga ya yi ba ranar da na haifi Bethan.

Na dai nemi izinin. Sun ce ba zai daɗe ba. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe mini da Gordon da kyau.

Taki ƙanwar,
Glenys

Brindle End,
Janairu.

Yaya Olwen,

Barka da sabuwar shekara. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida duka. Safar ulun da kika aiko ta iso, ga ta a ƙafata yanzu haka, Allah ya saka da alheri. Ina fata tarin Gordon ya lafa.

Asibiti sun buƙaci gadonsu, don haka an mayar da Desmond gidan kula da tsofaffi a gari. Wuri ne mai tsabta, ma'aikatan ba su da laifi. Sun ajiye shi gaban taga yana kallon inda ake ajiye motoci. Mutumin da tun haihuwarsa bai taɓa buɗe ido da safe bai ga tudun Wales ba. Ya sami kalma ta biyar. Duk zuwan da zan yi, zai kama hannun rigata ya ce, "Gida." In na tashi tafiya ya ce, "Gida." Ranar Kirsimeti sun ɗora masa hular takarda, yana zaune yana hawaye a cikin miya.

Jami'ar hukuma mai kula da tsofaffin gine-gine ta zo, Mis Tranter. Na so ƙwarai ta kasance muguwa don in sami wanda zan tsana, sai ga yarinya mai ladabi, har takalmi ta cire a bakin ƙofa. Da ta ga bangon katakon sai ta kai hannu tana shafa shi kamar mai shafa wuyan doki. Ta nuna mini sawun gatarin wanda ya sassaƙa shi. Ta nuna mini ƙune-ƙunen nan masu siffar hawaye a jikin ginshiƙin ƙofa, waɗanda na yi shekaru ina zaton ɓarnar yara ce, ta ce da gangan mutanen da suke ƙona su da kyandir don kare gida daga gobara da maita. Ta ce ya haura shekara ɗari huɗu a tsaye, kuma a duk yankin nan babu na biyunsa da bai taɓa ganin zarto ba.

Na ce, "Mijina ma babu na biyunsa."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na sani, ki yi haƙuri. Ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba, akwai kwamiti, kuma sai sun ji ta bakin masana. Amma ga tsohon ɗakin matse tuffa can a tsakar gida. Me zai hana a gyara masa shi? Wannan izinin ya fi sauƙi."

Muka je ta haska rufin da tocila. Sai ta ce, "Kash. Ina jin akwai jemagu." Wai doka ta hana a taɓa rufin da jemagu ke kwana sai masani ya zo ya ƙirga su, shi kuma ba ya ƙirga sai sun farka da bazara. Yaya, a ƙasar nan katako na da lauya, jemage na da lauya, tsoho mai shanyayyen jiki ne kaɗai ba shi da mai tsaya masa sai matarsa.

Kin tambaye ni a waya me ya sa nake magana a kan gidan kamar abokin gaba. Shekara arba'in da ɗoriya ina cikinsa. Tagogin nan masu ƙananan gilasai da dalma, iska na shigowa ta cikinsu kamar an gayyace ta, na roƙi a sauya, ya ce gilashin ya girmi kakan kakansa. Daɓen dutsen kicin ya cinye mini ƙugu. Kuma ke kaɗai kika san abin da matakalar nan ta yi mini ina da cikin wata shida, bayan Bethan. Na faɗo, cikin ya zube. Namiji ne. Da na dawo daga asibiti na ce ya kafa mini abin dafawa. Sai ya ɗaura igiya, don kada ƙusa ta shiga katako. Igiyar na nan har yau, ita nake kamawa. Ban taɓa yi masa gori ba. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ina son sa, in ba haka ba me zai sa in tuƙa mota a kan ƙanƙara kullum don in goge masa baki?

Hannuna ya ƙage don sanyi, bari in tsaya. Ki rungume mini jikoki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Glenys

Brindle End,
Maris.

Yayata,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki karanta wa Gordon, bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Kwamiti ya zauna, ya ɗage maganarmu. Suna son ƙarin zane da rahoton wani masani daga nesa. A wannan makon ne shugabar masu jinya ta ja ni gefe ta ce Desmond ya daina cin abinci sosai. Na ga hakan da idona, zoben aurensa ya fara zamewa daga yatsa. Ya ma daina cewa gida. Yana dai kallon motoci.

Daga can ban zarce gida ba, sai wurin Royston. Na same shi a shagonsa yana gyaran ƙyauren garke. Na faɗa masa abin da nake so.

Ya ajiye guduma ya ce, "Glenys, so kike in ƙare tsufana a gidan yari?"

Na ce, "Can ai akwai ɗumi, Roy. Ka fi ni morewa."

Ya ce, "Ba hukuma nake tsoro ba. Des nake tsoro. Tun muna yara na jingina keke a jikin bangon nan ya fasa mini leɓe."

Na ce, "To ka je ka gan shi yanzu, ka ga ko akwai sauran wanda zai fasa maka leɓe."

Ya je. Washegari da safe sai ga shi da akwatin kayan aikinsa, bai ce mini komai ba sai, "Ɗora shayi."

A hankali ya yi aikin, kamar mai fiɗa. Ya fitar da turakun katakon da ke riƙe da ginshiƙin ƙofa na hagu, ya zare allon da ke gefensa. Amma ƙafar ginshiƙin a dase take cikin katakon ƙasa, kansa kuma cikin na sama, ba yadda za a yi sai an yanka. Ya riƙe zarto ya dube ni ya ce, "Har yanzu ana iya fasawa." Na ce ya yanka. Itacen ya yi tauri kamar ƙarfe, sai da ya sauya zarto. Abin mamaki, waje baƙi, amma ciki fari-fari ne kamar jiya aka sare shi, har da ƙamshi. Roy ya naɗe ginshiƙin da allon a cikin barguna ya kai rumbu, kamar mai ɗaukar gawa. Ni kuwa na ɗauko baro na tura shi ta ƙofar, na dawo, na sake turawa, ina dariya ni kaɗai.

Da na gaya wa Bethan ta ce, "Mama, kin san laifi ne babba? Kin tambayi Baba?"

Na ce, "Ubanki kalma biyar gare shi, kuma ɗaya daga ciki gida ce. Me kuma zan tambaya?"

Ma'aikaciyar asibiti ta dawo da tef ɗinta. Ta auna, ta dubi sabon yankan, ta dube ni. Ta ce, "Ni faɗi aka aiko ni in auna." Ta sa hannu. Zai dawo bayan Ista.

Na share babban ɗaki, na wanke labule, na sa an kawo gadon asibiti an ajiye kusa da murhu inda zai riƙa hango tudu. Rabona da barci mai daɗi irin na makon nan tun kafin ya faɗi. Ki taya ni murna, Yaya.

Taki har kullum,
Glenys

Brindle End,
Afrilu.

Yaya Olwen,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga kiranki har sau da yawa, ban iya ɗauka ba. A takarda zai fi mini sauƙi.

Ya dawo. Ranar an yi rana mai kyau, itacen fiya na jikin bango ya yi fure fari fat. Da aka sauko da shi daga mota ya ɗaga kai ya dubi rufin dutsen nan da gansakukarsa, ya dubi baƙaƙen ginshiƙai da farin bango, sai ɓarin fuskarsa mai rai ya yi murmushi. Ya kama hannuna ya matse ya ce, "Glen. Gida." Na ce a raina ko yau aka kai ni kurkuku na ci riba.

Direba ya tura shi cikin soro, ya juya keken, ya wuce ta ƙofar sumul, ko gogawa bai yi ba. Sai Desmond ya ce, "A'a."

Direba ya ce, "Mun iso ai, Baba."

"A'a. A'a!" Ya miƙa hannun hagu ya cafke gefen bango, har keken ya karkace. Dole aka ja shi baya. Ya zauna a tsakiyar ƙofar yana laluben inda ginshiƙin yake a da. Ya ɗaga kai ya ga farin yanka a sama, ya sunkuya ya ga na ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya dube ni, ya faɗi kalmar nan tasa. Ya sha faɗa wa fasto, da likita, da cokali in ya faɗi, duk ba da nufi ba. Wannan karon da nufi ya faɗe ta, kuma ni ya faɗa wa, a gaban baƙo.

Na durƙusa na ce, "Des, ba yadda za ka dawo sai haka. Yana nan a rumbu, ba a ƙona ba, ba a yar ba. Mutuwa kake yi a can, ina gani."

Ya kawar da kai.

Na dafa masa naman rago da dankali, na gasa masa kek ɗin tuffa irin na mahaifiyarsa. Bai taɓa ba. Ya yi ta nuni yana buga gado har sai da muka gane so yake a juya shi. Yanzu bayansa ne ke fuskantar taga da tudun da na yi ta ɗoki zai gani, fuskarsa kuma na kallon ƙofar. Haka yake wuni.

Tun ranar bai sake kiran sunana ba.

Kada ki ce in ba shi lokaci, kowa haka yake ce mini. Ina ba shi, me nake da shi ban da lokacin? Ki gaida Gordon.

Glenys

Brindle End,
Yuli.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata zafin bana bai takura muku ba. Na gode da hotunan bikin jikarki Carys, ta yi kyau, ta ɗauko hancin Mama. An yanke ciyawa a nan, masu hayar gonar sun samu rana sun kwashe.

Desmond ya yi ƙiba. Masu jinya na zuwa safe da yamma, a hannunsu yake ci. In ni na miƙa cokali sai ya datse baki kamar yaro. Ni ke dafawa, ni ke wanke zanen gado, ni ke tashi in ya yi tari, amma in na shigo ɗakin sai ya rufe ido. Aubrey Venables na zuwa duk mako ya karanta masa mujallar ƙungiyarsu. Da shi har dariya yake yi.

Ranar Talata sai ga Mis Tranter. Ta cire takalmi kamar wancan karon, ta tsaya a soro tana kallon ƙofar, wallahi har idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Misis Probert, an kawo mana ƙara. Da ba a kawo ba, da ban zo ba. Tunda an kawo, dole in zo."

Kaina ya yi zafi. Na shige babban ɗaki ina faɗa, ita tana biye da ni. Na ce, "Wane munafuki ne? Matar mai gidan waya ce, ko? Ko mutanen Landan ɗin nan da suka sayi tsohon injin niƙa, masu ɗaukar hoton gidan mutane? Tsoho ya dawo ɗakinsa don ya mutu cikin mutunci, shi ne ya tsone wa wani ido? Ki faɗa mini sunansa in je in same shi!"

Sai na ji bugu a bayana. Desmond ne ke dukan ƙirjinsa da hannun hagu. Ya buɗe ido tar a kaina ya ce, "Ni."

Sabuwar kalma, Yaya. Wata da watanni mai koya masa magana na fama da shi, ga abin da ya fito.

Daga baya Aubrey ya zo yana murza hula yana ba ni haƙuri. Wai Desmond ya yi ta nuna masa ƙofar, yana nuna waya, mako bayan mako, har ya daina sauraron karatun sai da ya buga. Ya ce, "Gidansa ne, Glenys, sunansa ne a takarda. Ban ga yadda zan hana shi ba." Na ce ya ɗauki mujallarsa ya fita kafin in manta ni mai zuwa majami'a ce.

Amma ki ji ƙarshen abin. Yarinyar nan ta jawo kujera ta zauna gaban gadonsa, ta yi masa magana a hankali. Ta ce tunda an adana ginshiƙin, ba ta ga dalilin kai kowa kotu ba. Ta ce za ta tsaya da kanta gaban kwamiti ta nemi a bar ƙofar haka muddin yana buƙatarta, a mayar daga baya. Abu ɗaya ake so, mai gida ya yarda.

Ta ce, "Mista Probert, ka fahimce ni? In aka mayar yanzu, keke ba zai wuce ba. Masu jinya ba za su ci gaba da zuwa ba, saboda in gobara ta tashi ba mai iya fitar da kai. Ɗakin matse tuffa kuma an sami jemagun, ba za a taɓa shi bana ba. Komawa gari za ka yi. In nema maka a bar ta haka?"

Ya ce, "A'a."

Ta sake tambaya ta wata hanyar, ko bai gane ba. Likita ma ya zo ya gwada shi ranar Alhamis, ya ce hankalinsa garau yake. Ya gane sarai. A'a.

Na fita bayan gida wajen igiyar shanya na tsaya. Ban yi kuka ba. Tunani nake, da wata mace ce ta ƙwace mini shi, da na san fuskarta, da na san abin da ta fi ni. Ta tsufa ita ma, haƙoranta su zube. Katakon nan kuwa ƙara daraja yake yi kowace shekara.

Ki yi mini addu'a, zuciyata ba ta da kyau a kwanakin nan.

Ƙanwarki,
Glenys

Brindle End,
Oktoba.

Yaya Olwen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da Gordon da yara duk kuna lafiya. Na sami takardarki, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Na gode da ɗakin da kika ce kin ware mini, da cewa in zo in yi hunturu a wurinku. Bethan ma ta goyi bayanki, har ta duba mini jirgi.

An mayar da ginshiƙin. Sai da aka jira gado ya samu a gari, shi ya sa aka kai yanzu. Roy ne ya yi aikin, Mis Tranter na tsaye. Da safe aka shirya Desmond, aka sa masa kwat, aka tura shi soro tun kafin a fara, don in an mayar yana ciki ba zai fito ba. Nan ya zauna iska na bugunsa, ya ƙi a kai shi mota, sai ya gani.

Roy ya sassaƙa sabon itace ya haɗa da tsohon a sama da ƙasa, ya ɗaga ginshiƙin ya zaunar, ya mayar da allon, ya bi turakun yana bugawa. Desmond na nuna masa da yatsa, nan, can, a'a, e. Da ya buga wani a karkace Desmond ya auna masa ashar, Roy ya ce, "Yauwa, ɗan banza, yanzu na ji muryarka." Suka yi dariya su biyu. Yaya, fuskarsa ta yi haske irin na ranar aurenmu. Da aka gama ya sa aka matsa da shi, ya shafa ginshiƙin tun daga inda hannunsa ya kai har ƙasa. Ya leƙa babban ɗaki ta 'yar ƙofar, ɗakin da aka haife shi, wanda ba zai sake shiga ba. Ban ga nadama ko ɗigo a idonsa ba.

A bakin mota, ana shirin ɗaga shi, sai ya kama wuyan hannuna. Ya ce, "Glen."

Rabon da in ji sunana a bakinsa tun furen fiya. Na sunkuya har kunnena na taɓa leɓensa. Yana ta kokawa da harshe, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Na ce, "Ina ji, Des. A hankali. Ina nan."

Ya ce, "Kakin... zuma. Kafin... sanyi."

Magana mafi tsawo da ya yi cikin shekara guda. In shafa wa katako kakin zuma kafin hunturu.

Roy ya juya baya yana tattara kayansa. Mis Tranter ta sa takalminta. Mota ta tafi.

Na yi kwanaki ban bi ta ƙofar ba, a kicin nake zama. Na sauko da akwati, na fara ninke kaya. Na ce a raina ko tsutsa ta cinye shi ƙurmus ba ruwana. Jiya da hantsi ina neman igiyar ɗaure akwati a kabad ɗin ƙarƙashin matakala, sai ga gwangwanin kakin da tsummansa, inda ya ajiye su bara.

Na shafa, Yaya. Tun daga bangon waje har jikin murhu, allo bayan allo, ciki da waje, har da sabon haɗin Roy. Na hau kujera na yi sama, na durƙusa a kan dutse na yi ƙasa, na goge har kafaɗata ta ƙage. Ina yi ina zaginsa, shi da katakon, da kalmar nan tasa, da ƙarfi, ba mai ji. Yanzu yana ƙyalli kamar ruwa. Kada ki tambaye ni dalili.

Gobe Lahadi zan je in gaya masa, don na san shi zai fara tambaya da ido tun ina bakin ƙofa. Kada ki sa wa gadon da kika ware mini zane tukuna. In aka bar gidan ba wuta a hunturu, danshi zai shiga katakon.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Taki ƙanwar,
Glenys